Ƙarancin bitamin D kafin dashen ƙwai: a jinkirta ko a ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 37, kuma shekara bakwai ke nan da aure ban samu haihuwa ba. Yanzu an ba mu ranar fara dashen ƙwai na IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a sa ɗan tayin a mahaifa, sai gwajin jinina ya nuna bitamin D 16 ng/mL. Ƙawata ta ce shi ya hana ni ɗaukar ciki, wai in ɗage dashen wata shida, in riƙa shan ƙwayar 50,000 kullum. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba. Ki fara maganin ƙarancin yau, amma kada ki ɗage dashen saboda shi, kuma don Allah kada ki sha 50,000 kullum.

Gwajin da aka yi miki ana ce masa 25-hydroxyvitamin D. Ƙasa da 20 ng/mL ƙaranci ne, daga 20 zuwa 29 bai gama isa ba, 30 zuwa sama ya wadatar. Ki sake duba takardar da kyau, domin wasu ɗakunan gwaji da nmol/L suke rubutawa, kuma 20 ng/mL daidai yake da 50 nmol/L. Naki 16 ƙaranci ne, ba kuma abin mamaki ba ne ko a garin da rana ke ƙuna. Fata ce ke haɗa wannan sinadari idan rana ta taɓa ta kai tsaye. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo, sutura mai rufe jiki da zaman cikin gida suna tare hasken, gilashin taga ma yana tare shi, ƙiba kuma tana riƙe shi a cikin kitse. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da na tarin fuka, rifampicin, su ma suna rage shi.

Maganar ƙawarki tana da tushe. Akwai wuraren karɓar bitamin D a gidan ƙwai, da bangon mahaifa inda ɗan tayi ke mannewa, da mabiyiya. A 2018 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun haɗa nazari 11 na mata kimanin 2,700 da aka yi wa dashe, suka ga masu isasshen bitamin D sun fi samun haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai wannan kallo ne kawai aka yi, ba a ba kowa magani ba. Macen da ba ta da shi sau da yawa ita ce mai ƙiba, ko mai ciwon ƙurajen gidan ƙwai na PCOS, kuma ƙiba a kan kanta tana rage nasarar dashe. Don haka a Italiya aka gwada abin kai tsaye, aka fitar da sakamakon a 2021. Mata 630 masu ƙasa da 30 ng/mL aka raba biyu, rabi aka ba su bitamin D IU 600,000 (IU shi ne ma'aunin bitamin da ake rubutawa a jikin kwali) a sha ɗaya makonni kafin dashen, rabi aka ba su abin da babu magani a ciki. Ciki ya shiga ga kashi 37 cikin ɗari na waɗanda suka sha, da kashi 40 na waɗanda ba su sha ba. Ba a ga ribar komai ba. A Denmak ma an gwada a kan maza 330 na tsawon kwana 150, ingancin maniyyinsu bai ƙaru ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wata shidan nan. Bayan shekara 35 yawan ƙwai da ingancinsu suna raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan asara tabbatacciya ce, ribar jiran kuwa ba a tabbatar da ita ba.

Duk da haka a gyara ƙarancin, saboda ƙashinki da na jaririn da muke roƙon Allah Ya kawo. Yadda aka saba yi: D3, wato cholecalciferol, IU 50,000 sau ɗaya a mako har mako takwas, ko IU 6,000 kullum na tsawon wannan lokaci, daga nan a sauko IU 1,500 zuwa 2,000 a rana. A sha tare da abinci mai maiƙo, domin a cikin mai yake narkewa. Bayan wata uku a sake gwaji. Likitan da zai yi dashen shi zai tsayar miki da adadin, tunda da zarar an sa ɗan tayi ko ciki ya shiga ba a wuce IU 4,000 a rana sai da umarninsa.

Kuskuren da ke iya kai mutum gadon asibiti shi ne shan ƙwayar mako a kullum. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi, ya ɗaga kalsiyam a jini. Alamunsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, tashin zuciya, bushewar ciki, daga baya tsakuwar ƙoda. A kantin magani kuma ki karanta kwalin da idonki: calcitriol da alfacalcidol, waɗansu nau'o'in bitamin D, ba naki ba ne, galibi masu ciwon ƙoda ake rubuta wa. Ki guji man hantar kifi da yawan cin hanta, saboda bitamin A da ke cikinsu yana iya cutar da ɗan tayi. Kifin titus, sadin da gwaiduwar ƙwai suna taimakawa, amma su kaɗai ba za su ɗaga 16 zuwa 30 ba.

In ba ki fara folic acid microgram 400 a rana ba, ki fara tun yanzu, kafin ranar da za a soma yi miki allurar shirin dashen.