Gam a Kan Naɗin Tsirkiya: Yana Gyara Ne Ko Ɓatawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harbi da bakan katako irin na gargajiya, mai tsirkiyar Dacron (wani irin zaren roba). Zaren da aka naɗe tsakiyar tsirkiyar da shi, wurin da yatsu da gindin kibiya suke zama, ya fara zamewa, bakinsa kuma yana warwarewa. Wani abokina ya ce in ɗiga masa sufa gulu daga sama har ƙasa in huta. Shin hakan ba zai cutar da tsirkiyar ba? In zai cutar, wane gam ne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kwalbar gam ɗin nan tukuna. Abokinka ya so ka da alheri, amma abin da ya ba ka shawara a kai gyaran gangar Auzinawa ne.

Tsirkiya ba igiya ɗaya ba ce. Silin zare ne da yawa aka haɗa, a Dacron galibi 12 zuwa 16 gwargwadon ƙarfin bakan, kuma kowane sili yana ɗan motsi a jikin ɗan'uwansa duk sa'ad da ka ja ka saki. Shi ya sa ake shafa mata kakin zuma, don silin su riƙa gogar juna ba tare da sun ci juna ba. Sufa gulu kuwa tsinkakken ruwa ne, ba ya tsayawa inda aka ɗiga shi. Yana bin tsakanin zaren naɗi ya nutse har cikin silin, ya bushe ya yi tauri kamar gilashi. Daga nan wurin ya daina lanƙwasa. Duk wahalar lanƙwasar sai ta koma kan iyakar da tauri ya haɗu da taushi, a nan silin za su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Abin tsoron shi ne ɓarnar tana ƙarƙashin naɗi, ido ba ya ganinta. In tsirkiya ta tsinke baka yana jaye, ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya cikin katakon zai koma, kuma bakan katako yana iya tsagewa a hannunka.

Ko da ma bai cutar ba, da wuya ya riƙe. Gam ba ya kama abin da ke da kaki a jiki. Sababbin zarurrukan tsirkiya irin su Dyneema da Spectra kuma dangin roba ne mai santsin gaske, kusan babu gam ɗin gida da ke manne musu da kyau.

Abin da ke riƙe naɗi shi ne matsi, da ɓangaren da aka juya zaren, dama ko hagu, da yadda aka rufe bakinsa. In naka ya zame, ɗaya daga cikinsu ne ya samu matsala, kuma a ganina sake shi gaba ɗaya ya fi lallaɓa shi sauƙi.

Fara da ɗaura tsirkiyar a baka, ko ka miƙe ta tsakanin ƙugiyoyi biyu ta yi ɗam. Wannan yana da muhimmanci a Dacron musamman, domin tana miƙewa. In ka naɗa a kan sakakkiyar tsirkiya, da zarar ta miƙe za ta sirance, naɗin ya zama riga mai yalwa. Haka kuma ka riga ka murɗe ta iya murɗin da kake harbi da shi kafin ka fara. Sannan ka rage kakin wurin: zagaya guntun zare sau ɗaya a jikin tsirkiyar, ka ja shi ƙasa da ƙarfi, za ka ga kakin yana taruwa a gabansa yana faɗuwa. Ba a so a ƙafe wurin ƙayau, a dai cire wanda ya yi yawa.

Sai ɓangaren naɗi, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Dole naɗin ya bi murɗin tsirkiyar, yadda in ka ƙara mata murɗi don ɗaga tazarar da ke tsakaninta da mariƙin baka, naɗin zai ƙara matsewa. In ka bi akasin haka, duk murɗin da ka ƙara kwance shi kake yi da hannunka. Ba sai ka haddace dama ko hagu ba. Naɗa kamar inci ɗaya, ka riƙe bakin zaren, ka murɗa tsirkiyar yadda ka saba. In ka ji ya ƙara kamawa, ci gaba. In ya yi sako-sako, warware ka juya.

Wajen farawa, kwantar da bakin zaren a jikin tsirkiya ka naɗa a kansa sau goma sha biyar ko fiye, ka ja shi ya matse. Kowane zagaye ya jingina da na bayansa, ba rata, ba hawa kan juna. Akwai ɗan abin naɗi mai ɗauke da ƙwaryar zare da ake juyawa a jikin tsirkiya, yana da kusar ƙara matsi. Da hannu ma ana yi, sai dai yatsu za su gaya maka. Inci bakwai zuwa takwas ya ishi yawancin bakuna, mafi yawansa a ƙasan mazaunin kibiya, inda tsirkiya ke dukan hannu.

Rufewa kuwa ga yadda take. In ya rage kaɗan ka gama, ɗauko wani guntun zare mai ƙarfi ka ninka shi biyu, ka kwantar a kan tsirkiyar, kan ninkin yana kallon inda naɗin zai ƙare. Naɗa a kansa sau goma zuwa goma sha biyu. Yanke zaren naɗin ka zura bakinsa cikin ninkin, sannan ka ja wutsiyoyin guntun zaren. Za ka ga bakin ya shige ƙarƙashin zagayen ya ɓullo ta baya, zagayen kuma sun danne shi. Ja shi da kyau, ka yanke ka bar kamar milimita uku. In zaren nailan ne ko makamancinsa, ɗora masa kan ƙusa mai zafi ya narke ya dunƙule. Kada ka kai harshen wuta kusa. Dacron tana narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Salsiyos, Dyneema kuwa tun wajen 145, ashana ɗaya ta isa ta kashe ta.

To ina gam ya shigo? A wurare biyu kawai nake yarda da shi. Na farko, kan wannan ɗan bakin zaren da ka yanke, musamman in siliki ne ko lilin, waɗanda ba sa narkewa sai ƙonewa. Nemi gam mai kauri wanda yake zama da danƙo bayan ya bushe, irin wanda ake liƙa gashin kibiya da shi. Ɗebo shi da kan allura ka taɓa, kada ka matso shi daga kwalba. Na biyu, ɗan ƙullin zaren da ake yi a saman naɗi don nuna mazaunin kibiya. Nan ko sufa gulu ne maharba da yawa suna amfani da shi, domin naɗin yana tsakaninsa da silin. Duk da haka mai kaurin ya fi, kuma ɗigo ɗaya tak.

Wataƙila ka ji an ce maharban Japan da gam suke yi. Gaskiya ne. A harbin bakansu na gargajiya, wato kyudo, mazaunin kibiya da suke kira nakajikake da zaren tsiro ake gina shi, sau da yawa wanda aka tsefe daga tsohuwar tsirkiya. Ana shafa kusune, haɗin ƙaron itacen fayin da mai, ko farin gam na katako a zamanin nan, a naɗa, a murje da ƴan katakai biyu har ya kwanta sumul. Amma dubi bambancin: zaren tsiro yana shan ƙaro, ƙaron ba ya ƙandarewa kamar sufa gulu, wurin gajere ne, kuma suna sabunta shi akai-akai. Ba a ɗauko wannan a ɗora wa Dacron mai kaki.

In kuwa kafin amsar nan ta iso ka riga ka ɗiga, warware naɗin a hankali ka lanƙwasa wurin tsakanin yatsunka. Matuƙar ka ji tauri, ko ka ga sili ko ɗaya ya yi gashi ko ya tsinke, canza tsirkiyar. Sinadarin asiton na goge jan farce yana narkar da sufa gulu, amma ba zan amince da silin da gam ya riga ya ratsa ba. Kuma in za ka sayi sabuwa, tsaya a kan Dacron, domin ɗan miƙewar nan tata ita ke sassauta wa kunnuwan bakan katako, inda tsirkiya ke maƙale, ƙarfin bugu, sai fa in wanda ya ƙera bakan ya tabbatar maka an ƙarfafa su don zare marar miƙewa.