Na sayi Hilux ta hannu, zafi take yi kuma tana "ƙum" in zan tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi a-kori-kura Toyota Hilux ƙirar 2012, mai shan fetur, ta hannu, ina ɗaukar hatsi da ita daga ƙauye zuwa kasuwar Funtuwa. In na yi lodi allurar zafi sai ta haura, in zan tashi daga tsaye kuma sai na ji "ƙum" a ƙarƙashinta. Rannan na sa giyar ƙafa huɗu a kan kwalta, da na zo kwana sai ta riƙa turjewa. Bakanike ya ce a sauke inji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kada ka bari a sauke injin nan tukuna. Hilux ɗinka mai injin 2TR ce, lita 2.7, inji ne mai jimiri ƙwarai, kuma babu ko ɗaya cikin abin da ka lissafa da ya isa hujjar buɗe shi.

Zafin shi ne na gaggawa. Da sassafe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka leƙa. In ruwan ya yi ja kamar na kududdufi, an daɗe ana ɗura mata ruwan rijiya, tsatsa da gishiri sun toshe ƙananan hanyoyin ciki. Ka tayar da motar murfin na buɗe, ka zuba ido minti biyar. In kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ka zaro sandar auna baƙin mai ka gan shi kamar shayi mai madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, maganar bakanikenka ta fara kama hanya, ko da yake a nan ma kan injin kawai ake cirewa. In ba ka ga haka ba, ka haska lagireton da tocila ta gaba. Motar da ke shiga masussuka ƙaiƙayi da ƙura kan liƙe mata haƙarƙarin lagireto har iska ta kasa wucewa. Sannan fanka: bayan tafiya ka kashe inji, ka tura ta da hannu. Mai lafiya za ta yi nauyi ta tsaya nan da nan, wadda ta mutu kuwa sai ta yi ta juyi sakaka. Kuma don Allah kada ka taɓa murfin nan inji na da zafi, na ga fuskokin da tururi ya saɓule.

Akwai wata ɗabi'a a garejinmu da ba na goyon baya: da mota ta yi zafi sai a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, yana fara buɗewa a wajen digiri 82. In an cire, inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan. Ka sa a duba ko naka na ciki, in babu a mayar da na asali, a wanke lagireto a zuba ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman.

Lodin ma sai ka duba. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka, har da mutanen ciki, wajen tan ɗaya ne, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari. Na san ba haka ake yi ba a ranar kasuwa, amma duk buhun da ya ƙaru kuloci da sifirin ne ke biyan kuɗinsa.

Ƙarar "ƙum" sau da yawa ƙishin giris ne. A jikin furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, akwai 'yan nonuwan giris da masu juyen mai ke mantawa da su shekara da shekaru. A ɗura musu. In ƙarar ba ta tafi ba, bakanike ya kama furofelar ya girgiza, in mahaɗinta na wasa a canza shi, ba tsada gare shi ba.

Turjewar kwana kuwa ba lalacewa ba ce. In ka sa H4, wato giyar ƙafa huɗu, ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke tare, alhali a kwana na gaba sun fi cin tafiya. A yashi ko laka taya kan ɗan zame ta sauke wannan matsin, a kwalta busasshiya kuwa babu inda za ta zame, sai ƙarfen ciki ya sha wuya. A kwalta ka bar ta a H2, wato giyar ƙafa biyu.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko fitilar nan mai hoton inji ta kama a dashbod. Dole ta kama, sannan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama sam ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta kafin a sayar maka, sai ka kai ta a jona mata kwamfuta a karanto abin da take ɓoyewa. Kuma tunda ba ka san tarihinta ba, kada ka dogara da kilomitan da agogonta ke nunawa: ka juye baƙin mai, man giya da na aksul gaba da baya, ka canza filtoci, ka rubuta ranar da kilomita a ɗan littafi ka ajiye a aljihun motar.