Shekarar da Ƙafafunmu Suka Tsaya

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya same ni lafiya, na karanta shi har sau biyu. Ya maigidan, ya yaran? Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Kin ce tun kuna ƙanana nake nanata muku cewa zumunta a ƙafa take, duk wanda ya ji ɗan'uwansa ba lafiya ko an yi masa rashi, ya tashi ya je da kansa, kada ya tsaya aike. Sai ga shi kin tuna shekarar korona na yi wata da watanni ban taka ƙofar kowa ba, har aminiyata ta rasa mijinta na yi mata ta'aziyya ta waya. Shi ne kike tambaya ko al'adar ce ta sauya, kuma in waya ta wadatar a lokacin, me zai hana ta wadatar yau, tunda ga gwaggon mijinki a kwance, kin kira kin gaishe ta, amma ana ta yi miki ƙorafin ba ki je ba.

Na ji daɗi da kika tambaye ni kai tsaye, ba ki bar abin a ranki ba. Amsar tana da tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Ki fara sanin irin abin da ya tsayar da mu. A ƙarshen 2019 aka fara jin labarin cutar daga birnin Wuhan na ƙasar Sin, ranar 11 ga Maris 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar da ta game duniya. Mun ga cututtuka a rayuwarmu, amma yawancinsu kana ganin alamarsu a jikin mai su, sai ka yi hattara. Wannan kuwa mutum zai iya ɗauke da ita ba tari ba zazzaɓi, yana zaune kusa da ke yana yi miki sannu, yana ba ki ita a numfashinsa. Tana iya kai kwana 14 kafin ta nuna kanta, shi ya sa aka riƙa killace mutane mako biyu. Kuma masu shekaru ta fi kayarwa, musamman mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya. Mu bakwai ne da muka tsufa tare, biyar daga cikinmu na shan maganin ɗaya daga cikin waɗannan. Daga baya hukumar ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 15 ne suka rasu sanadin annobar, kai tsaye ko a fakaice, a 2020 da 2021 kaɗai.

To 'yata, me ake zuwa yi gidan mara lafiya? Ana zuwa ne a kai masa sauƙi, ya san ba a manta da shi ba, a ga abin da yake buƙata. Ƙafa ita ce ke ɗaukar wannan ta kai. A waccan shekarar ƙafar da ta saba kai sauƙi ita ce ta koma mai iya kai ajali. Da na je na zauna a bakin gadon ƙawata na riƙe hannunta, mutane za su ce na cika zumunci, amma ni ban san abin da na bar mata a ɗakin ba. Na kwana ina juya wannan a raina, abin da ya kwantar mini da hankali shi ne labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in kuma ta same ku a ciki kada ku fita don gudunta. Mutanen da suka fi mu sanin haƙƙin ɗan'uwa sun taɓa tsayar da ƙafa.

Sai dai tsayar da ƙafa bai sauke mana nauyin ba, a nan ne nake so ki buɗe kunne sosai.

Makon farko kowa ta shige ɗakinta ta yi shiru. Ku matasa kuna da hayaniyar yara da aikin gida, ranarku tana tafiya ko an kulle ko ba a kulle ba. Tsohuwa kuwa abin da ke raba mata safiya da yamma shi ne wanda ya shigo da wanda ta je wurinsa. Uku daga cikinmu mazajensu sun riga sun rasu, 'ya'ya sun watse, jikokin da ke leƙowa an hana su zuwa don a kare mu. Babbar yayarmu, wadda ta ba shekara tamanin baya, ta gaya mini ta yi kwana biyu ba ta furta kalma ga ɗan'adam ba sai a salla. Ranar na ajiye wayar na yi kuka.

Kin san shekaru talatin na yi ina koyarwa, kullum safe da kiran suna nake farawa. Sai na ɗauko wani tsohon littafin rubutu na jera sunayenmu, na ce daga gobe za a yi kiran suna. Bayan an idar da sallar asuba ni zan kira ta biyu, ita ta kira ta uku, haka har ta bakwai ta dawo da kiran gare ni. In kiran ya dawo, na san kowa ta kwana lafiya, sai in ja layi. In hantsi ya yi bai dawo ba, sai mu bi mu ga inda ya maƙale, a kira ɗa ko maƙwabci ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa daga waje. Kowa ta ba da lambar mutum ɗaya na kusa da ita saboda haka. Sau da yawa caji ne ya ƙare ko kati, wadda ke da hali sai ta tura wa wadda ba ta da shi, ba tare da an yi maganar ba.

Tambayoyin ba su da yawa, amma ba a tsallake su. Kin kwana lafiya? Kin sha maganinki, saura na kwana nawa? Kin ci abinci? Wa ya leƙo ki jiya? Wannan ta maganin ta fi kowace muhimmanci, domin tsoron asibiti ya sa tsofaffi da yawa sun bar karɓo maganin hawan jini da na suga, cutar da suka daɗe suna lallaɓawa ta tashi musu. Bayan tambayoyin sai hira, kuma kada ki ɗauka hirar banza ce. Wadda ta yi mafarki ta faɗa, wadda ƙafarta ta kumbura ta faɗa, wadda ɗanta ya rasa aiki ta sauke abin da ke cin ta. Huɗu daga cikinmu na da babbar waya, jikoki suka koya mana aika saƙon murya ta WhatsApp, da yamma sai a yi ta turo wa juna addu'o'i da labarin da. Na san waɗannan matan shekara arba'in, amma a watannin nan na ji abubuwa game da ƙuruciyarsu da ban taɓa ji ba, wataƙila don ba a ganin fuska, kunya ta ragu.

Allah Ya taimake mu akwai tsohuwar ma'aikaciyar jinya a cikinmu. Saƙonnin ƙarya sun yi yawa a lokacin, yau a ce ga abin da za a sha cutar ta mutu a maƙogwaro, gobe a ce babu cutar ma sam. Muka yi doka a tsakaninmu, ba a tura wa kowa saƙon magani sai ta saurara tukuna. Ita ta koya mana wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, da sa takunkumi ya rufe hanci, da buɗe taga in wani ya shigo. Ita ce kuma ta ji a rediyo cewa a watan Maris ɗin nan hukumar ta gyara bakinta, ta ce a bar cewa nisantar jama'a a riƙa cewa nisan jiki, don ba ta son mutane su yanke hulɗa da juna. Muka ce ai mu ma abin da muke yi ke nan.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mu da aka hana mu fuska, sai muka koyi tambayar murya. Wata safiya ma'aikaciyar jinyar ta kira ta bayanta, aka gaisa, ta ce lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne kawai da rashin jin ƙamshi. Amma ta lura ba ta iya kai jimla ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta sa ta ƙirga daga ɗaya, ba ta kai goma ba ta yanke. Ashe wannan cutar tana iya rage iskar oksijin a jinin mutum sosai alhali shi bai ji sarƙewar da za ta tsorata shi ba. Nan take aka kira ɗanta, ya kai ta asibiti, aka sa mata oksijin, ta yi kwanaki ta dawo gida. Har yau in mun haɗu takan ce kiran asuba ne Allah Ya sa ya zama sanadin sauran kwananta.

Yanzu maganar aminiyata, wadda ita ce ta fi tsaya miki a rai, ni ma haka. Mijinta ya rasu a tsakiyar kulle, aka yi jana'iza da mutane kaɗan, ita kuma aka killace ta don ta yi jinyarsa. Na kira na yi mata gaisuwa, na ce Allah Ya jiƙansa, ta ce amin, sai muka yi shiru. Da a ɗakinta nake, shirun nan shi ne ta'aziyyar, in zauna kusa da ita kafaɗa da kafaɗa har rana ta faɗi. A waya kuwa shiru sai ya yi kama da layi ya katse. Muka raba yini a tsakaninmu mu shida, kowa da lokacinta, don kada ta yi awa uku ba ta ji muryar wani ba. Ni na ɗauki dare, domin na san dare ne ke yi wa wadda ta rasa miji tsawo. Wani lokacin in bar wayar a kunne ina jan carbi tana ji, har ta yi barci. Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan ɓoye miki ba, bai kai ba. Na rubuta shi a littafin nan a matsayin bashi.

Da alluran rigakafi suka fito, babbar yayarmu ta ƙi saboda jita-jitar da ta ji. Abin da ya sauko da ita shi ne labarin Margaret Keenan, tsohuwa mai shekara 90 a Ingila, wadda ranar 8 ga Disamba 2020 ta zama ta farko da aka yi wa allurar Pfizer bayan kammala gwaji. Ta ce tunda wadda ta girme ta ta miƙa hannu, ita ma za ta miƙa. Bayan an yi mana, hanyoyi sun buɗe, gidan da na fara zuwa shi ne na aminiyata. An fi shekara da rasuwar. Ta buɗe ƙofa, na kama hannunta, ban ce komai ba, sai ta fashe da kuka kamar jiya aka yi. Ta ce mini tun ranar ba ta yi kukan kirki ba. Na ga ta rame, na ga kujerarsa na nan inda ya bar ta da hularsa a kai. Shekara guda ina magana da ita kowane dare, ban san wannan ba.

To kin ga dalilin da ba zan goyi bayanki a kan gwaggon mijinki ba, duk da ina ƙaunarki. Larura ce ta tsayar da mu, kuma larurar ta wuce, tun 5 ga Mayu 2023 hukumar ta ɗage matsayin gaggawa daga kan cutar. Tsohuwa in kin tambaye ta jiki a waya, da sauƙi za ta ce miki, ko da kuwa ba ta iya tashi ta ɗebi ruwan alwala. Mu haka aka rene mu, ba mu son ɗora wa yara nauyi. Sai kin shiga ɗakin za ki ga ko an buɗe kwalin maganin, ko an share, ko akwai mai kwana da ita. Mu da muka kasa kunne shekara arba'in muna jin muryoyin juna muka iya gano sarƙewar numfashi a waya, ke kuwa muryarta ba ki gama saninta ba tukuna.

Abin da zan yarda ki ɗauka daga waccan shekarar shi ne ki tambayi kanki abin da kike ɗauke da shi kafin ki fita. In kina mura ko tari ko zazzaɓi, ko ɗaya daga cikin yaran na kwance, kada ki je mata da shi, ki kira ki faɗa mata dalilin a fili, ki sa ranar zuwa. In lafiyarki ƙalau, ki shirya ki je cikin makon nan. Kada ki tafi da niyyar kare kanki daga ƙorafin da aka yi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kin yi laifi da kika makara, ki zauna ki daɗe. In ta yi barci kada ki tashi, ki jira ta farka ta gan ki. Kafin ki fito ki tambayi wa ke kiranta da safe. In babu, ki ɗauki wannan, ba ya cin minti biyar.

Mu har yanzu muna yin kiran asubar, sai dai mun koma shida, babbar yayarmu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Ban goge sunanta a littafin ba. In kin dawo daga gidan gwaggon ki kira ni ki gaya mini yadda kika same ta, da irin maganin da aka rubuta mata, zan tambayi ƙawata ma'aikaciyar jinya.

Ki gaida maigidan da yaran.

Goggonki