Tsohuwar masana'anta a bakin kogi: me ke sa aikin ado ya daɗe?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Kaduna. Na ji cewa garin Gateshead na Ingila ya mayar da kangayen masana'antu na bakin Kogin Tyne wuraren fasaha da shaƙatawa. Yaya suka yi, kuma me ke lalata irin wannan aiki?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ido ke gani a sama shi ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin ƙasa, da ruwa, da kuɗin kulawa bayan an yanke ƙyallen buɗewa an watse.

Fara da ƙasa. Inda aka yi shekaru ana sauke kwal ko narka ƙarfe, ƙasar takan riƙe dalma da kwalta da sauran guba. Kafin a zana komai, sai a haƙa ramukan gwaji a sassan filin, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban a kai ɗakin bincike. Idan gubar ba ta yi yawa ba, ba a kwashe ta. Ana shimfiɗa yadin roba mai launi a matsayin alama, sannan a zuba ƙasa mai tsafta a kai, galibi kamar santimita 60 a inda za a yi shuka. Wanda ya zo haƙa daga baya, da ya ga yadin ya san ya tsaya. A bakin kogi kuwa sai an ƙara lura, don haƙa ba tsari na iya buɗe wa gubar hanya ta tsiyaye cikin ruwa.

Tsoffin ramukan haƙar kwal ma matsala ne. Mutum-mutumin Angel of the North na mai zane da ƙira Antony Gormley, wanda aka kafa a 1998 a kan tsohon filin mahaƙar kwal a kudancin garin, tsawonsa mita 20 ne, fukafukansa mita 54, nauyinsa wajen tan 200. Sai da aka cike ramukan da ke ƙarƙashinsa, aka zuba kankare tan 600 a tushen da ya nutse kusan mita 20 ƙasa, don iska mai gudun kilomita 160 a awa kada ta kayar da shi. Tushen ya ninka abin da ake kallo sau uku a nauyi.

An ƙera mutum-mutumin da ƙarfen Corten, mai ɗan jan ƙarfe a haɗinsa, wanda tsatsarsa ke zame masa rigar kariya, ba ya buƙatar fenti. Amma a nan mutane ke yin kuskure. Wannan tsatsa ba ta kama jiki sai ƙarfen yana jiƙewa yana bushewa. In ruwa ya kwanta a lungu, ko gindin ya nutse cikin danshi, ko gishiri na taɓa shi, cin ƙarfen zai yi ta yi har ya huda. Tyne kuwa ruwan teku na hawowa cikinsa sau biyu a rana har ya wuce Gateshead, don haka Corten bai dace da inda ruwan ke fantsama ba. A ɗaga aikin kan dakali, a huda ƙofofin tsiyaya a kowane lungu, a yi walda da sandar da ta dace da ƙarfen, kada a ɗaure shi da noti mai rufin tutiya, don tutiyar za ta cinye da wuri. A shekarun farko jan ruwa zai zubo ya ɓata kankare, sai a zagaye gindin da tsakuwa. Ruwan Kogin Kaduna ba gishiri, damina da rani kuma suna ba da jiƙa da bushewa, saboda haka ƙarfen zai fi jin daɗi a wajenku, muddin an ɗaga shi sama da inda ambaliya ke kaiwa.

Batun kare muhalli, a yi shi da gaskiya. Kamfanin fulawa na Baltic da ke bakin Tyne a Gateshead, wanda ya fara aiki a 1950, an buɗe shi a matsayin cibiyar fasaha a 2002, amma bangon arewa da na kudu aka riƙe, aka fasa rumbunan kankaren da ke ciki aka yi sabon gini. Tarihi ya tsira, simintin da aka tsimi bai kai yadda ake zato ba. Akwai kuma tsuntsayen teku da ake kira kittiwake masu sheƙa a jikin bangon. An gina musu wata hasumiya don su koma, wasu suka koma, amma har yau akwai masu sheƙa a Baltic ɗin. Dole a tsara duk aikin bango ya kauce wa lokacin ƙyanƙyasarsu, daga Maris zuwa Agusta.

Kulawa ce ke kayar da yawancin ayyukan nan. Dunston Staiths, dogon dandalin katako na lodin kwal a jirgin ruwa da aka buɗe a bakin Tyne a 1893, tsawonsa ya haura mita 500. An gyara shi don bikin lambuna na 1990, sai gobarar 2003 ta cinye wani sashe, wasu gobarar suka biyo baya. Wurin da ba mai gadi, ba fitila, ba masu wucewa, ba ya daɗewa. Tun a takardar kwangila a rubuta wanda zai duba walda da noti kowace shekara, wanda zai share ƙofofin tsiyaya kafin damina, da asusun da za a riƙa biya daga ciki.