Folariton: ƙwayar da ke yoyo amma take aiki

Tambaya: Malam, ni ɗalibin Fiziks ne a Akoka, gidanmu a Agege. Na ji wai akwai ƙwayar da rabinta haske ne rabinta abu, kuma ba ta daɗewa take ɓacewa. Abin da bai da tsawon rai haka, yaya zai nuna halayen kwantam, wato halayen musamman na ƙwayoyi mafi ƙanƙanta?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Sunanta folariton.

Ka san semikondakta, irin wanda ke cikin ƙwan fitilar zamani da ake sayarwa a kasuwar Alaba. Idan haske ya bugi elektron a cikinsa, sai elektron ɗin ya tashi ya bar gurbi. Shi da gurbin suna jan juna, sai su ƙulla tarayya da ake kira eksiton. To sai a sa siririn semikondaktan tsakanin madubai biyu masu kallon juna, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Ƙwayar haske ta maƙale a ciki: eksiton ya sake ta, ta dawo ta haifar da wani, haka dai ake yi da saurin da ya fi na tserewarta. Daga nan ba ka iya cewa ga haske ga abu: wannan cuɗanya ita ce folariton. Masanin Fiziks Hopfield ya tsara lissafin wannan cuɗanya a 1958, Weisbuch da abokan aikinsa kuma suka gan ta tsakanin madubai a 1992.

Daga haske ta gaji rashin nauyi, domin elektron ya fi ta nauyi kusan sau 10,000 ko fiye. Daga eksiton kuma ta gaji ture 'yan uwanta. Rashin nauyin nan ne ya sa ɗimbinsu ke iya haɗuwa su bi taki ɗaya, wanda hali ne na kwantam, ba tare da irin matsanancin sanyin da ƙwayoyi masu nauyi ke buƙata ba. A 1995, sai da aka sanyaya ƙwayoyin sinadarin rubidiyam ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digirin kelbin (ma'aunin zafi da ke farawa daga ƙarshen sanyi) kafin su yi hakan. A 2006, a Faransa, folariton ta yi shi a kusan kelbin 19.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Dubi tankin ruwa a saman gida a Agege, wanda gindinsa ke ɗiga, injin bohol kuma na ta cika shi. Ruwan ciki kullum sabo ne, amma tsayinsa bai sauka ba. Haka madubin nan suke yoyo. Sau da yawa folariton ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin tiriliyan na daƙiƙa, sai hasken lesa ya riƙa zuba sabbi, su kuma suna shigowa su ɗauki takin da suka tarar. Ƙwaya ɗaya ɗaya na mutuwa, takin yana nan.

Ni wannan yoyon ne ya fi burge ni. Hasken da ya tsere yana fitowa da labarin kuzari da alkiblar ƙwayar da ta mutu, sai kamara ta ɗauka. Kana kallon abin da ke faruwa a ciki yana cikin faruwa.

Sai dai kada a ruɗe ka. Yawancin abin da ake gani halin taro ne. Sa folariton ɗaya ta tare wa ta biyu hanya har yanzu da wuya, domin turewar da ke tsakaninsu ba ta da ƙarfi idan aka auna ta da saurin yoyon.