Amsa ga mai tambaya kan hannun roba da ake bugawa da na'ura

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yarinyar lafiya, ya ba ku haƙurin jinya. Tun jiya na ga tambayarki, cewa injin markaɗe ya ci hannun 'yarki mai shekara tara, kin ga bidiyon hannun roba da ake bugawa da na'urar 3D, mai narka roba tana ƙera abu bisa zanen kwamfuta, kina so ki ji ko da gaske yana aiki kuma da arha. Na bari sai na samu natsuwa ne, don ɗana ya sa irinsa har guda uku.

Shi faɗowa ya yi daga bishiyar mangwaro yana shekara bakwai. Muka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure tamau, kwana huɗu yatsu suka yi baƙi. A asibiti aka yanke tsakanin gwiwa da wuyan hannu.

Ba ki faɗi daga inda aka yanke mata ba, kuma nan ne maganar take. Yawancin masu arhar nan ba su da batir ko injin. Zare ne mai ƙarfi irin na fatsa ya bi ta cikin yatsun. In akwai sauran tafi kuma wuyan hannu yana motsi, lanƙwasa shi za ta yi zaren ya ja, yatsu su rufe gaba ɗaya, in ta saki ƙananan robobi su buɗe su. In babu wuyan hannu, irin na ɗana, gwiwa ce ke jan zaren. In kuwa yankan ya haura gwiwa, sai da ɗamara a kafaɗa, kuma wannan aikin ƙwararru ne, kada ki bari a koyi sana'a a jikinta.

Asalin abin daga wani kafinta ne ɗan Afirka ta Kudu, Richard van As, da zarto ya yanke wa yatsu a 2011. Ya haɗa kai da Ivan Owen na Amurka suka ƙera, suka saki zanen kyauta a intanet. A 2013 aka kafa e-NABLE, ƙungiyar 'yan sa kai masu bugawa su bayar. A shekarar ce kuma aka yi wa wani matashi, Daniel, da bam ya raba da hannayensa biyu a duwatsun Nuba na Sudan, hannun da bai wuce dala 100 ba, har ya ci abinci da cokali da kansa. Duk gaskiya ne. Sai dai bidiyo ranar sawa yake nunawa, ba ya komawa bayan wata shida.

Na farkonmu wani ɗalibi ne ya buga, Allah ya saka masa, daga hoto da awon da na tura ta WhatsApp. Yatsun sun yi kyau, amma gurbin da dungun ke shiga bai zauna ba. Da gumi ya zo sai ya riƙa zamewa, cikin mako biyu ya yi masa kanta da ƙuraje, yaro ya jefa shi ƙarƙashin gado. Har faɗa na yi masa, abin da nake nadama har yau, don laifin ba nasa ba ne. Yatsu kowa mai na'ura zai iya bugawa. Gurbin nan shi ne aikin, sai wanda ya koyi haɗa hannu da ƙafar roba, ya taɓa dungun, ya san inda ƙashi ya turo da inda fata ba ta son matsi. Ko ƙungiyar Handicap International mai taimakon naƙasassu, da ta gwada fasahar a Togo da Madagaska da Siriya, daga baya har Mali da Nijar, ma'aikatan da suka koyi aikin ne ke ɗaukar siffar gaɓar su gwada wa majiyyaci.

Na biyu da ma'aikacin asibiti aka yi, ya zauna daram. Rana ce ta kashe shi. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana fara laushi wajen digiri 60, shi ya sa ma da ruwan zafi ake lanƙwasa ta. Muka manta shi cikin mota a watan Afrilu, muka dawo ya karkace kamar ɓawon ayaba. Ki ce a yi da robar PETG, ta fi jure zafi. Ki kuma tambaya ko masu bugawar suna da inbata ko sola, don bugun yana cin sa'o'i da yawa, wuta na ɗaukewa aiki ya lalace.

Hannun zai riƙe kan keke, ƙwallo, kofi mara nauyi, ya danne littafi tana rubutu. Ba zai ɗauki bokitin ruwa ba, ba zai gutsuri tuwo ba, ba ta kuma jin abin da ta taɓa da shi. In na dama ne ya tafi, ki fara da mutanen gida: kada wanda ya tsawata mata don ta ci ko ta miƙa abu da hagu.

Inda arhar take da amfani shi ne yara girma suke yi, shekara ɗaya ko biyu hannun ya matse. Mai tsada ba ya sauyuwa haka, wannan kuwa a sake awo a buga. Amma sai mai gyara yana kusa, don zare zai tsinke, yatsa zai karye. Hannun kyauta da ya zo daga ƙasar waje babu mai ɗaura masa zare, kayan ado ne.

Ki fara kai ta sashen hannu da ƙafar roba na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Asibitin Koyarwa na Maiduguri in ya fi miki kusa, su duba ko dungun ya warke, kumburi ya saɓe, a fara mata gashi. Launi kuma ki bar mata zaɓi. Kakar ɗana ta so mai kalar fata, shi ya ce sai ja, kuma jan ne ya fi daɗewa a hannunsa.

Yanzu shekararsa 13. Yana sawa in zai hau keke da ranar Juma'a, sauran lokaci yana cikin jaka, igiyar takalmi ma da dungun yake ɗaurewa. Ki faɗa mana daga inda aka yanke, amma kada ki sa hotonta a nan.