Kwalta 60/70 ta yi tauri, mu sirka ta da gas?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni fomen ne a wani ɗan aikin titi a cikin garin Sakkwato. An kawo mana duro-duron kwalta 60/70, sai maigidana ya ce ta yi tauri, a zuba mata man gas da baƙin mai ta saki kuma ta yi auki. Wanda muka shimfiɗa a watan Fabrairu har tayar tifa ta fara yi masa kwari. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, sunana ne zai ɓaci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ai dole hankalinka ya ƙi kwanciya, don kwarin nan da ka gani somin taɓi ne, bari Afrilu ya shigo.

Ka san lambar nan ba ado ba ce. Allura ake ɗora wa nauyin giram 100 a sake ta kan kwalta daƙiƙa 5 a zafin digiri 25, in ta nitse milimita 6 zuwa 7 ita ce 60/70, ita kuwa 80/100 ta fi ta laushi. To ita kanta 60/70 ɗin wajen digiri 50 take fara saki, kai kuma kana garin da iska kaɗai ke wuce 40, baƙin titi da rana tsaka yana haura 60. Taurin da maigidanka yake kuka da shi, shi aka biya kuɗi aka saya.

Wannan maganar ta "a sa gas ta saki" kullum sai na ji ta, na rasa wa ya koya wa mutane. Kwaltar da za a gauraya da tsakuwa zafi ne ke sakinta, ka kai ta digiri 150 zuwa 160 ka ga yadda za ta zuba kamar kunu, in ta huce ta koma yadda take. Gas kuwa in ya shiga ba ya saurin fita, baƙin mai ma bai fita sam, yana nan ciki yana hana tsakuwa riƙe juna, mota mai nauyi na takawa sai titin ya gudu gefe ya yi kunya kamar gona. Sai ka ji suna cewa ai MC1 ma, wato kwaltar nan mai ruwa-ruwa da ake fesawa, da kananzir ake yi. Gaskiya ne, amma da awo ake haɗa ta, kuma share fage ce, a fesa kan marmara a bar ta ta sha iska kafin a shimfiɗa komai. Wa ya taɓa ganin an yi saman titi da ita? Bar ma batun lebura ya tsaya kan duro mai tafasa da galan ɗin gas a hannu, wuta na ci a ƙasa da tsofaffin tayoyi, babu ko ma'aunin zafi. Auki kam za ta yi, a aljihun ɗan kwangila.

Ka ɗebi samfur daga duron da ba a taɓa ba da wanda aka sirka, a kai ɗakin gwaji a yi musu gwajin allurar nan, ka riƙe takardar sakamakon a hannunka. Wurin da ya yi kwari kuma kar a rufe shi da sabuwa, a kankare shi tukuna. In maigida ya nace sai an sirka, ka ce ya rubuta ya sa hannu.